Fuskar gwamnati a intanet: Abin da ya sa jama'a ke kasa bambance shafin gaskiya da na bogi

Akwai wata sanarwa da da wuya a samu jami'in hulɗa da jama'a a Abuja da bai taɓa rubuta irinta ba. Takan fara da jawo hankalin jama'a cewa hukumar ba ta ɗaukar ma'aikata a halin yanzu, ta ci gaba da cewa shafin da ake yaɗawa a WhatsApp na bogi ne, sannan ta rufe da gargaɗin kada kowa ya biya ko sisin kwabo. Hukumar Kwastam ta sha fitar da ita, haka Hukumar Shige da Fice, haka kamfanin mai na NNPC da rundunonin soja. Sai dai kafin sanarwar ta isa Gusau ko Mubi, matasa sun riga sun cika fom, sun miƙa lambar NIN da ta BVN, wasu har sun tura kuɗin da suka ranto.

Idan aka zauna tattauna matsalar a ofis, laifin yakan faɗa kan mutum biyu: ɗan damfarar da ya kafa tarkon, da wanda ya faɗa ciki saboda zalama ko rashin sani. Ba a cika tambayar abin da ya sa shafin bogin ya yi kama da na gaskiya a idon wanda ya buɗe shi ba. Amsar ba ta da daɗin ji. Shafin gwamnatin tarayya ba shi da wata kama guda da aka san shi da ita. Wanda ya buɗe shafukan ma'aikatu goma a jere zai ga tsari goma, kore iri goma, haruffa iri goma, wani tambarin Najeriya a dama, wani a hagu, wani an miƙe shi har dawakan sun koma kamar raƙuma. Inda na gaskiya bai yi kama da ɗan'uwansa ba, na bogi ba ya buƙatar ƙwarewa kafin ya saje.

Wannan shi ne ainihin abin da masu tsara shafuka da manhajoji ke nufi idan suka ce kamfani ko hukuma na buƙatar kamanni masu ƙarfi. Mutane da yawa na ɗaukar maganar a matsayin kwalliya, wato zaɓen launi mai kyau da zanen tambari mai ɗaukar ido. Kwalliyar ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren. Kamanni sun haɗa da suna, da adireshi, da launi, da ƙirar haruffa, da wurin da maɓalli yake zama, da irin kalmomin da ake yi wa mutum magana da su, duk a maimaita su ba sauyi har ido ya saba, ta yadda ranar da wani abu ya kauce mutum zai ji a jikinsa tun kafin ya gano mene ne.

Tambari da hatimi

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Kalmar tambari da ake kiran alamar kamfani da ita a yau, ita ce kuma sunan gangar sarauta, wadda ba kowa ke da ikon mallaka ko kaɗawa ba. Wanda ya ji amonta daga nesa ya san daga fada take. Wasiƙun sarakunan Daular Sakkwato kuma suna ɗauke da hatimi, domin wanda aka aika wa ya tabbatar da inda saƙon ya fito tun kafin ya karanta abin da ke ciki. Darajar tambari da hatimi ba ta zo daga kyan su ba, ta zo ne daga kasancewar guda ne, an san shi, kuma an hana kowa amfani da shi.

A kasuwa ma haka abin yake. Uwargida takan aiki yaro ya sayo mata magi mai tauraro, ba ta buƙatar ya iya karanta sunan da ke jikin takardar. A rumfar zaɓe, miliyoyin mutane tsintsiya suke nema ko lema, ba jerin haruffan jam'iyya ba, shi ya sa jam'iyyar da aka manta tambarinta a takardar ƙuri'a take garzayawa kotu. 'Yan siyasa sun fahimci wannan sarai a lokacin neman ƙuri'a. Abin mamakin shi ne yadda ake mantawa da darasin da zarar an shiga ofis.

Ba don ƙasar ta rasa alamomi ba ne. Tutar kore da fari da kore, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959 yana ɗalibi a Landan, tana cikin tutocin da suka fi sauƙin ganewa a duniya. Tambarin ƙasa mai baƙar garkuwa, da farin zanen mahaɗar kogunan Neja da Binuwai, da fararen dawakai biyu, da jar mikiya a sama, yana jikin fasfo da takardun gwamnati, kuma akwai dokar da ta tsara yadda ake amfani da shi. Amma hoton tambarin yana nan birjik a intanet, kowa na iya saukewa cikin daƙiƙa biyar. Saboda haka a kan allon waya, ganin mikiya da dawakai ba ya tabbatar da komai. Kama da wane, in ji masu iya magana, ba ta wane.

Abin da ba a iya kwaikwaya

Abu guda ne ɗan damfara ba ya iya kwafewa cikin sauƙi, shi ne adireshin da ya ƙare da .gov.ng. Hukumar NITDA ce ke kula da bayar da shi, kuma hukumomin gwamnati kaɗai ake ba. Sojoji na da nasu, .mil.ng, manyan makarantu kuma .edu.ng. Da a ce kowace hulɗa da gwamnatin tarayya a ƙarƙashin wannan adireshi take, da wayar da kan jama'a ta zama jimla ɗaya da za a iya faɗa a rediyo cikin kowane harshe: in bai ƙare da .gov.ng ba, kada ka saka bayananka.

To amma gwamnati da kanta ta daɗe tana karya wannan jimla. Babban Bankin Najeriya ya yi shekaru yana amfani da cenbank.org kafin ya koma cbn.gov.ng. Hukumar EFCC, wadda aikinta ne farautar masu damfara ta intanet, an daɗe ana samunta a efccnigeria.org. An san hukumar zaɓe da inecnigeria.org. Hukumar yi wa ƙasa hidima tana da nysc.gov.ng, amma ɗalibin da ya gama jami'a a portal.nysc.org.ng ya saba yin rajista. Duk waɗannan na gaskiya ne, kuma kowace hukuma na iya kawo dalilinta. Illar ita ce sun koya wa jama'a cewa shafin gwamnati na iya zama a ko'ina. Matashin da ya yi rajistar hidimar ƙasa a adireshin .org.ng, aka kuma tura shi sansani da gaske, da wace hujja za a ce masa ya yi wauta don ya amince da wani adireshin mai kama da shi bayan shekara guda?

Haka batun biyan kuɗi. A ɗaukar ma'aikatan Hukumar Shige da Fice na Maris 2014, wanda ya ƙare da turmutsutsu da asarar rayuka a babban filin wasa na Abuja da wasu garuruwa, kowane mai nema sai da ya biya Naira 1,000 ta shafin da wani kamfani mai zaman kansa ya gudanar. Yau hukumomi na nanata cewa neman aikin gwamnati kyauta ne, kuma gaskiya suke faɗa. Amma abin da mutane suka taɓa gani da idonsu ya fi zama a zuciya fiye da sanarwa.

A 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu da hukumomi amfani da adireshin gwamnati a shafukansu da imel ɗinsu. Mataki ne mai kyau. Sai dai duk wanda ke karɓar wasiƙu a rajistirin wata ma'aikata ya san har yanzu ana ganin takarda mai tambarin ƙasa a sama, da adireshin Gmail ko Yahoo a ƙasa. Hadimin da ya aika gayyatar taro daga imel ɗinsa na kansa don ya fi sauri, ba da mugun nufi ya yi ba, amma ya ƙara tubali ɗaya a ginin da 'yan damfara ke fakewa a ciki.

Daga ina rarrabuwar ta samo asali?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga ma'aikaci. Kowace hukuma ita ke ba da kwangilar shafinta, daga nata kasafin, ga nata ɗan kwangilar. Shi kuma yakan sayi tsararren samfuri, ya shafa masa kore, ya kawo wa shugaban hukuma a babban allo a ɗakin taro. Wanda ake son burgewa a wannan zama shi ne mai sa hannu a takardar biya, ba tsohon ma'aikacin da ke neman sanin matsayin fanshonsa da ƙaramar waya a Birnin Kudu ba. Shi ya sa shafin farko ke cika da hotuna masu juyawa: shugaba na karɓar baƙi, shugaba na yanka zare, shugaba na karɓar lambar yabo. Abin da ya kawo mutane, wato fom, ko adadin kuɗi, ko lambar waya mai aiki, sai an tona ƙarƙashin wani jeri mai sunan sashe wanda ma'aikatan cikin gida kaɗai suka san ma'anarsa.

Idan shugaba ya sauya, shafi ya sauya. Idan kwangila ta ƙare, wani lokaci kalmar sirrin ma tana hannun ɗan kwangilar da ya tafi da fushin ba a gama biyansa ba. Sai a buɗe sabon shafi, tsohon kuma a bar shi yana yawo, da tsohon farashi da tsohuwar lambar asusu.

Ba a rasa ƙa'idoji ba. Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 001, wanda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya wajabta wa kowace hukuma wallafa sharuɗɗan ayyukanta da kuɗinsu da tsawon lokacin da suke ɗauka a shafinta. NITDA na da jagorar gina shafukan gwamnati. Hukumar sake fasalin aikin gwamnati, BPSR, tana auna shafukan ma'aikatu tana jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Amma auna kowane shafi shi kaɗai daban ne da sa su duka su yi kama da juna. Hukuma biyu na iya samun maki mai yawa alhali babu abin da ya haɗa fuskokinsu.

Bankuna sun daɗe da gane wannan, don su asarar a aljihunsu take faɗawa. Ruwan lemon GTBank iri ɗaya ne a jikin gini, a katin cirar kuɗi da cikin manhaja. Giwar First Bank tana nan duk da sauye-sauyen da aka yi wa zanenta. Ruwan ɗorawar MTN ya kai ga ko lemar mai sayar da kati aka hango daga nesa an san ta wace ce. Kowanne na da kundin da ya fayyace lambar launi da girman tambari da tazarar da za a bari a gefensa, kuma manajan reshe ba shi da ikon sauyawa don shi ya fi son shuɗi.

Yadda Birtaniya ta rushe ɗaruruwan shafuka

Misalin da aka fi kawowa a wannan fanni na gwamnati ne, ba na kamfani ba. Kafin 2012 Birtaniya na cikin irin wannan hali: kowace ma'aikata da shafinta, kowace hukuma da salonta, ga kuma shafukan 'yan kasuwa masu kwaikwayon na gwamnati suna cajin mutane ƙarin kuɗi a kan sabunta fasfo da lasisin tuƙi. Bayan rahoton da Martha Lane Fox ta miƙa a 2010, aka kafa sashe na musamman a ƙarƙashin ofishin majalisar ministoci a 2011, kuma a Oktoban 2012 aka buɗe GOV.UK. Cikin kimanin shekara biyu, dukkan ma'aikatu da hukumomi fiye da 300 sun rufe shafukansu sun koma ƙarƙashin inuwa ɗaya.

Wanda ya buɗe shafin a karon farko zai iya cewa ba a gama shi ba. Farin fili ne da baƙin rubutu, sai kambin sarauta a sama. Babu hoton minista a bakin ƙofa. Haruffan an samo su ne daga waɗanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana wa allunan titunan ƙasar tun wajen 1960, waɗanda aka ƙera domin direba ya karanta cikin gudu, kuma idon ɗan ƙasar ya saba da su tun yana yaro. An taƙaita amfani da wannan nau'in haruffa ga shafukan gwamnati kaɗai. Ko haraji mutum zai biya, ko rajistar zaɓe zai yi, koren maɓalli iri ɗaya zai danna ya fara, kuma yawanci tambaya ɗaya ake yi masa a kowane shafi. An umarci marubuta su sauƙaƙa Turancinsu yadda ɗan shekara tara zai fahimta. A 2013 wannan shafi maras ado ya lashe kyautar zane mafi kyau ta shekara da gidan adana zane-zane na Landan ke bayarwa, inda ya doke dogayen gine-gine da kayan ƙawa.

Abin lura ga ma'aikaci shi ne wahalar aikin ba ta zane ba ce, ta iko ce. Sai da aka ba sashen ikon taka wa kashe kuɗi birki a kan duk wani sabon shafin da bai bi tsari ba, kafin manyan sakatarori suka haƙura da tamburansu. Ribar tsarin kuma ta fito fili a 2024, lokacin da aka sauya zanen kambin zuwa wanda Sarki Charles na Uku ya zaɓa: a tushe ɗaya aka gyara, sassan gwamnati suka ɗauka daga can.

Amurka ba ta haɗe shafukanta wuri guda ba, ta bi wata hanyar da wataƙila ta fi dacewa da ƙasa mai hukumomi barkatai. Tun 2015 ta fitar da kundin tsari na bai-ɗaya da kowace hukuma ke ɗiba kyauta, kuma a saman shafukan tarayya akwai siririn layi mai ƙaramar tuta da ke shaida cewa wannan shafin gwamnati ne, tare da bayanin yadda mutum zai tabbatar da kansa ta duba adireshin. Kanada kuwa tun 1970 take da shirin da ya tsara yadda sunan gwamnati ke bayyana, daga jikin mota har kan takarda.

Iyakar abin da fuska ke iya yi

Kada a ɗauka kamanni maganin komai ne. Ɗan damfara na iya kwafe launi da haruffa da layin tuta, har ma da ɗan makullin da ke bayyana kusa da adireshi, domin makullin yana nuna an ɓoye abin da ke wucewa tsakanin waya da shafi ne kawai, ba ya nuna ko mai shafin mutumin kirki ne. Amfanin fuska ɗaya shi ne ta rage abin da mutum zai haddace, ta kuma kai idonsa ga abu gudan da ba a iya sata.

Kuma fuska alkawari ce. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma idan baƙo ya zauna aka bar shi da yunwa, fara'ar ba za ta hana shi ba da labari ba. Ma'aikacin da ya shiga shafi mai kyan gani don tantance kansa a IPPIS, ya cika shafi shida, na bakwai ya goge komai, ba zai tuna da launin ba. Wanda ya ciro lambar RRR mai alƙaluma 12 ya biya a banki, shafin hukumar kuma ya ce bai ga kuɗin ba, zai koma wurin mai shagon intanet ko ɗan tsakiya, wanda shi ne mutumin da aka gina shafin don a kauce masa. Tsari iri ɗaya a kan ayyukan da ba sa tafiya zai koya wa jama'a gane gwamnati da sauri ne kawai, su kuma guje ta da sauri.

Sai batun harshe da na'ura, wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A waya mafi yawan 'yan ƙasa ke shiga intanet, da data da aka saya da ƙyar, amma a babbar kwamfutar ofis ake amincewa da zane. Hotunan shafin farko kaɗai na iya cinye abin da mutum ya tanada don cika fom. Sanarwa kuma sau da yawa hoton takarda ce da aka ɗauka a karkace, wadda manhajar da makafi ke amfani da ita ba ta iya karantawa, duk da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Kaɗan ne daga shafukan tarayya ke magana da Hausa, Yarbanci ko Ibo, alhali ɗan damfara ba ya ƙyashin aika saƙon murya da harshen wanda yake farauta.

Wasu gyare-gyaren sai da umarni daga sama, daga Ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya ko na Shugaban Ma'aikata: kai ɗaya da ƙafa ɗaya ga kowane shafi, kore guda mai lamba, zanen tambarin ƙasa guda da kowa zai ɗauka daga wuri ɗaya. Wasu kuma darakta ko hadimi na iya yin su a mako guda ba tare da ware ko kwabo ba. A tambayi sashen fasaha adireshi nawa hukumar ke da su, da sunan wa aka yi rajistarsu, kuma yaushe wa'adinsu zai ƙare. A buɗe shafin a waya mai araha, a nemi abu ukun da mutane suka fi zuwa tambaya a bakin ƙofa, a ƙirga dannawa nawa aka yi kafin a same su. A daina fitar da sanarwa a Facebook ko X wadda babu kwafinta a shafin hukuma.

Batun wa'adin adireshi ya fi gaggawa, saboda yawan sauya sunaye. Ma'aikatar Sadarwa ta zama ta Sadarwa da Tattalin Arzikin Zamani a 2019, aka ƙara mata Ƙirƙire-ƙirƙire a 2023. Dokar man fetur ta 2021 ta shafe DPR, ta kawo NUPRC da NMDPRA a madadinta. Duk irin wannan sauyi yana barin tsofaffin takardu da rasit da allunan sanarwa masu ɗauke da tsohon adireshi a hannun jama'a. Idan adireshin na .gov.ng ne, yana nan a hannun gwamnati, ana iya juya mai shiga zuwa sabon gida. Idan kuwa na .com ne ko .org da wani ɗan kwangila ya yi wa rajista, ranar da aka daina biyan kuɗin sabuntawa yakan koma kasuwa, kuma duk wanda ya riga biya shi ne zai gaje shi, tare da duk mutanen da har yanzu ke bin adireshin da suka gani a takarda mai mikiya da dawakai.